Na Ajiye Sanduna

Zuwa ga 'yata Kunne,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai nemi ɗiyarsa ba, kuma ya san bai kyauta ba. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Antinki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Kin san kunnena na hagu ganga ta cinye shi tuntuni, na daman ma in aka kira ni a waya sai in ji kamar mutum na magana daga cikin bokiti. Kuma abin da zan roƙa ina so ne in ajiye shi kusa da ni in riƙa dubawa. Maƙwabcinmu direban motar kaya ne, yana zuwa garinku, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Ga maganar. Hannuna na dama ya fara ƙin jin magana. Daga wuyan hannu zuwa yatsu sai ya mutu kamar na kwana a kansa, muna tsakiyar wasa sanda ta suɓuce. Kwanaki a otal ta tashi sama ta faɗa cikin farantin wani bawan Allah. An yi dariya, ni ma na taya su. Likita ya ce jijiya ce ta matse, za a fara da allura, in ba ta yi ba sai aiki.

Oga, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya sayo kwamfuta ya kafa a ɗakin da muke gwaji, aka zuba mata wata manhaja wai ita samfula. Ya ce in ɗauki sautin gangunana ɗaya bayan ɗaya in zuba a ciki, mai fiyano ya riƙa danna su yana riƙe mini wuri har in warke. Na ce to. Me zan ce? Mai fiyano ya nuna mini sau ɗaya, yatsunsa na gudu kamar an biyo shi, ya ce, "Ka gane ko, Baba?" Na ce na gane. Ban gane komai ba. Ko ɓeran nan da ake turawa a kan tebur, in na tura shi gabas sai kibiyar ta yi yamma.

A duk danginmu ke kaɗai kika karanci harkar sauti. Na san zumuncin ya ɗan yi nisa, amma kakarki da babana ciki ɗaya suka fito, kuma ni na fara ɗora ki a kujerar ganga ƙafarki ba ta kai ƙasa ba. Ni na sa miki suna Kunne. Ki rubuto mini dalla-dalla, kamar kina koya wa wanda bai taɓa shiga aji ba.

Kawunki mai ganga

* * *

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarka a hannun direba, na karanta a tsaye bakin ƙofa, na shiga ciki na sake karantawa. Allah ya ba ka lafiya, Kawu, ya sa kaffara ne. Ka gaishe da Anti, ka ce mata yanzu a zaune nake ci, amma gaban kwamfuta.

Ni lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai. Aikina a kamfanin tallan nan shi ne in zauna tun safe da abin ji a kunne ina yanke numfashin mutane daga cikin muryarsu, don talla ta shige cikin ɗan lokacin da aka ba ta. In na tashi sai in ji kaina na ƙugi kamar an bar firji a ciki.

Samfula ba abin tsoro ba ce. Ka ɗauke ta kamar kabad mai aljihuna da yawa, kowane aljihu da maɓallinsa a jikin fiyano. Abin da ka ajiye a aljihu shi zai fito in an danna.

Da farko ka kashe fanka, ka rufe taga, ka roƙi kowa ya fita. Ka kafa makirufo kamar ɗani ɗaya daga fatar ganga. Ka danna jan da'irar nan, ka buga sau ɗaya tak, ka riƙe hannunka har sautin ya mutu don kansa. Akwai wani tsiri a gefe mai hawa da sauka. In ya tsaya a kore, daidai ne. In ya taɓa ja, sautin ya fashe, sai ka rage ƙarfin makirufo ka sake.

Za ka ga zanen bugun a fuskar kwamfuta, kamar tudu mai tsini da doguwar gangara. Layin da ke kwance kafin tudun shiru ne, ka yanke shi, in ba haka ba mai fiyano zai danna ganga ta makara. Amma gangaren, wato wutsiyar sautin, kada ka taɓa ta. Daga nan ka kama guntun da ɓera, ka ja shi ka saki a kan maɓalli. Ka ba shi suna ka adana tun kafin wuta ta yi halinta.

Ɓeran kuwa, Kawu, ina zargin a juye ka riƙe shi. Wutsiyarsa gaba take kallo.

Kada ka karaya, abin da sauƙi ƙwarai. In ka gama, ko wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai fitar da kiɗanka da yatsa ɗaya.

'Yarka Kunne

* * *

Kunne,

Sallama. Muna lafiya. An yi mini allurar a wuyan hannu, babu daɗi.

Ɓeran a juye yake, kin yi gaskiya. Na gyara.

Na kashe fanka na rufe taga kamar yadda kika ce, ɗakin ya koma tanda. Kin manta ko ba ki sani ba, ƙasan ɗakin gwajinmu shagon mai walda ne, sai in zauna da sanda a hannu ina zufa ina jiran ya tafi cin abinci. Ya tafi, na buga, ja. Na rage, na buga, mai babur ya yi ham a titi. Na sake. Da na zo yanka na haɗa har da kan tudun, babbar gangar da nake takawa da ƙafa ta koma kamar an doki kwali. Ita kaɗai ta cinye mini yini guda.

Amma ta shiga. Na ɗora ta a maɓalli, na danna, ta fito a lasifika. Ina cikin dannawa matar da ke share mana ɗaki ta shigo, na ce ta zo ta gwada. Tsintsiya na hannunta ɗaya, ta sa yatsa ta danna, gangata ta amsa mata kamar yadda take amsa mini. Ta yi ta dariya tana dannawa. Ashe gaskiya kika faɗa a ƙarshen takardarki. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Tun kafin mamanki ta yi aure nake wannan sana'a.

Ni dai na ajiye sanduna. Sauran bayani sai na samu ƙarfi, hannun ko alƙalami ba ya so.

Kawunki

* * *

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina fatan zafin allurar ya lafa. Ka gaishe da Anti.

Takardarka ta yi makonni a hanya. Motar direba ta lalace, ya bar ta a gareji da takardar a ciki, sai jiya ya kawo yana ba ni haƙuri. Duk wannan lokacin ni ina zaton shirunka na aiki ne, ashe kana can ranka a ɓace saboda ni.

Don Allah ka yafe mini layin nan. Wallahi ƙarfafa maka gwiwa nake son yi. Na rubuta shi ne da gajiyar aiki a kaina, ban sake karantawa ba. Abin da mai shara ta fitar bugu ɗaya ne, kuma kai ka buga shi. Ba ta san inda za ta sa shi ba, ba ta san inda za ta yi shiru ba.

Amma Kawu, ka ajiye sanduna? Saboda maganata? Na kira wayarka na kira ba ka ɗauka ba, lambar Anti kuma tsohuwa ce a wurina. Sai na kira Mama, ina kuka na karanta mata. Ta ce in kwantar da hankalina in bar mata, ta san matar Oga, za ta je ta roƙa kada su bari ka bar sana'arka cikin fushi. Ka yi haƙuri in na yi azarɓaɓi, ban san abin da zan yi daga nan ba.

Ko da ba ka son ji, ga darasi na gaba, don ka ga aikin bai yiwuwa sai da kai. Ganga ɗaya ba murya ɗaya gare ta ba. Ka buga ta a hankali ka ɗauka, ka buga matsakaici ka ɗauka, ka buga da ƙarfi ka ɗauka. Dukansu a maɓalli ɗaya za ka ɗora, ɗaya saman ɗaya. Akwai wurin da za ka gaya wa samfula: in an taɓa maɓalli a hankali ki fito da na ƙasa, in an doke shi ki fito da na sama. Ja kawai ake yi da ɓera, kamar raba labule.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Kunne

* * *

'Yata Kunne,

Assalamu alaikum. Mun tashi lafiya. Hannun yana nan jiya i yau, allurar ba ta yi ba, likita ya fara maganar aiki. Antinki ta yi mura ta warke.

Ki zauna kafin ki karanta.

Likita ne ya ce in ajiye sanduna har allurar ta zauna a jiki. Abin da nake nufi ke nan. Da na ƙara kalma biyu da kin gane, amma ranar raina a ɓace yake, na bar shi a gajarce.

Mamanki ta je gidan Oga tun kafin takardarki ta iso ni. Washegari na shiga ɗakin gwaji, Oga ya ce kowa ya ba mu wuri, ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Kin san babansa ne ya kafa ƙungiyar nan, ni na raka Oga makaranta ranar farko. Ya zauna a kan lasifika yana murza makullin mota, ya ce, "Baba, saƙo ya iso ni."

Na ce, "Wane saƙo?"

Ya ce, "Cewa ka ajiye. Wallahi Baba ka sauke mini dutse daga ƙirji. Wata da watanni ina neman bakin da zan gaya maka na rasa. Masu otal tun ranar farantin nan suke mini ƙorafi. Gara da ya fito daga gare ka, da mutuncinka."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na kalli fuskarsa. Ta saki, kamar ta wanda aka cire wa haƙori mai ciwo. Ashe riƙe mini wuri da ake cewa, tun farko babu wurin. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Na ce, "Haka ne, Oga."

Ya kama hannuna, mai ciwon ma ya kama, ya yi ta godiya. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Amma za ka ƙarasa mana zubin gangunan ko?"

Na ce zan ƙarasa.

Da na gaya wa Antinki tana wanke-wanke, ba ta juyo ba. Sai da ta gama ta kife kwanuka ta ce, "To, ka huta." Da yamma sai ga mamanki da fara'arta, tana tambaya ko an shawo kaina. Na ce an shawo. Kada ki yi mata faɗa, kada ki gaya mata komai. Zumunci ta yi.

Darasinki na bi shi. Tunda likita ya ɗage mini na koma, bugu kaɗan-kaɗan, in hannu ya mutu in jira. Na raba labulen, ya yi. Amma ga wata matsala. In mai fiyano ya jero ƙaramar ganga da sauri, ba kiɗa nake ji ba, keken ɗinki nake ji. Ina na yi kuskure?

Kawunki

* * *

Kawu,

Na amsa sallamarka. Allah ya sa aikin hannun ya zo da sauƙi. Ni ban san ma me zan ce game da lafiyata ba, tun da na karanta takardarka ban ci abin kirki ba.

Ni na jawo. Ka ce kada in gaya wa Mama, ba zan gaya mata ba, amma ka ba ni izini in kira Oga in faɗa masa gaskiya, cewa ni ce na karanta ba daidai ba. In kuma ba ka yarda ba, to kada ka ba su gangunan. Naka ne. Me ya sa za ka zauna cikin zafi da hannu mai ciwo kana gina wa wani kujerar da aka tashe ka a kai? Na nemi hutu in zo, shugabata ta ce sai an gama tallan da ke gabanmu, kuma tallan nan ba ya ƙarewa, ana gama ɗaya wani ke shigowa.

Ka tambaye ni, don haka zan amsa, ko da raina ba ya so. Ba ka yi kuskure ba. Samfula bugu ɗaya take ta maimaitawa, shi ya sa kake jin keken ɗinki. Hannun mutum kuwa ba ya faɗa wa fata wuri ɗaya sau biyu. Ka ɗauki bugu da yawa masu ƙarfi iri ɗaya, ka zuba su aljihu ɗaya, ka nemi wurin da ake sa su yin karɓa-karɓa, wannan ya fito, na gaba wancan. Kada ka zaɓi masu kyau kaɗai. Wanda ya ɗan kauce gefe, wanda sanda ta ɗan taɓa baki, ka bar su a ciki.

In ka gama ka kwafe komai a filashi ka ajiye a gida. Wannan dai ka yi mini shi.

Ina jiran izininka.

'Yarka

* * *

Zuwa ga Kunne,

Assalamu alaikum. Kin ji ni shiru, ba fushi ba ne. Direba an canza masa hanya na ɗan lokaci, ni kuma na ce bari in gama tukuna in samu abin faɗa. Muna lafiya. Ki ci abinci, wannan umarni ne.

Ban ba ki izini ba. In kin kira shi me zai yi? Ya mayar da ni don kunya, in hau in riƙa jefa wa mutane sanda a abinci? Takardarki ba ita ta matse mini jijiya ba. Ki sauke wannan kayan daga kanki.

Gangunan kuma na ba su. Kin ce nawa ne, na sani. Amma da su sayo na wani baƙo su zuba, gara mutanen da na yi wa kiɗa tun suna samari su ci gaba da jin nawa. Karɓa-karɓar nan ta yi aiki, keken ɗinki ya tafi. Faifan tagullar nan da ake bugawa tare da ganguna ne ya ba ni wahala, wutsiyarsa doguwa ce, kafin ta mutu sai mai walda ya dawo. A ƙarshe na sauka na roƙe shi, ya kashe injinsa ya hau sama ya zauna yana kallona har na gama. Na kwafe a filashi kamar yadda kika ce, Antinki ta ɓoye shi, ni kaina ban san inda yake ba.

Asabar ɗin da ta wuce suka fara wasa da gangunan da na zuba, liyafar wasu ɗalibai da suka gama karatu, da rana a babban ɗakin otal. Oga ya aiko mana da kati. Na ce ba zan je ba, Antinki ta goge mini riga ta ajiye a kan gado. Muka tafi.

Aka ba mu tebur can baya. Ban taɓa ganin ƙungiyarmu daga gaba ba, Kunne, ƙeyarsu na sani. Inda nake zama an ajiye tukunyar fure. Aka fara, gangata ta fito. Na sa kunnena mai ji ina neman aibu, na samu kaɗan, mai fiyano yana da gaggawa. Amma mutane sun tashi. Iyaye, ɗalibai, har masu raba abinci suna kaɗa kai. Ba wanda ya waiwaya ya nemi mai ganga. Na zauna ina kallon hannuna a kan tebur, ina jin kamar in tashi in tafi gida.

Sai Antinki ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Tashi."

Na ce, "Mu tafi ko?"

Ta ce, "Wace tafiya? Tun da na aure ka kullum kana can sama bayan ganguna, ni ina nan ina riƙe wa matan mutane jaka. Yau kam sai ka taka."

Na ce hannuna. Ta ce ba da hannu ake yi ba.

Ta ja ni tsakiyar fili. Kunne, ashe ban iya rawa ba. Ko kaɗan. Ƙafata ta dama sai neman abin takawa take, ta hagu ta ƙi motsi, na taka mata ƙafa, na taka ta wata yarinya. Na san duk inda bugu zai faɗo tun kafin ya faɗo, amma jikina bai san abin da ake yi da shi ba. Antinki ta yi dariya har ta dafa kafaɗata tana share hawaye, ta ce, "Kai da ka ƙarar da rayuwarka kana sa mutane rawa!" Rabon da in ga ta yi irin wannan dariya na manta. Da muka koma tebur numfashina na fita sama-sama, na shanye ruwana na shanye nata.

Ban ce miki raina ya yi fari ba. Da safe har yanzu nakan shirya kamar mai zuwa wani wuri, sai in tuna in zauna. Aikin hannun Talata mai zuwa ne, ki sa ni a addu'a. In kin samu hutun ki zo, in ba ki samu ba kada ki yi rigima da shugabarki saboda ni.

Antinki ta ce in an sallamo ni daga asibiti za ta koya mini taku a falo. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ita dai ta riga ta ture kujeru jikin bango.

Kawunki